Ka sayi gidan da banki ya ƙwace, sai ga bututu na yoyo a cikin bango: wa za ka bi, kuma ta wace hanya?

Gidan da banki ya ƙwace daga hannun wanda ya kasa biyan bashi yakan zo da araha, kuma arahar ba ta rasa dalili. Mai gidan na farko ya shafe watanni, wani lokaci shekaru, yana fama da bashi, kuma wanda ke neman abin da zai kai banki ba ya kiran mai gyaran famfo don ɗigar da ba ta hana shi barci. Bayan ya fita, gidan ya zauna a kulle, an rufe ruwa tun daga mita. Bututun da ba ruwa a cikinsa ba ya yoyo, shi ya sa ranar da ka je dubawa ko'ina a bushe yake. Sai da ka biya, ka karɓi makulli, aka sako ruwa, sannan fenti ya fara kumbura, silin ya yi tabo, ƙasan bango ya ɗauki danshi, takardar kuɗin ruwa ta zo da adadin da ba ka gane masa ba.

Abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne ya kai banki kotu. Kafin nan ya kamata a san cewa alƙali ba zai ɓata lokaci kan ko bututun na yoyo ba, wannan kowa ya gani. Tambayarsa ita ce: wa ya san da yoyon kafin ciniki, kuma me ya yi da sanin? Yawancin hanyoyin da za a kwatanta a nan, ƙarfinsu da rauninsu daga amsar wannan tambaya suke fitowa.

Ta wace ƙofa gidan ya shigo hannunka?

Akwai bambanci babba tsakanin wanda ya saya a gwanjon da kotu ta yi, da wanda ya saya a hannun banki bayan gidan ya zama mallakarsa ko yana sayarwa da ikon jingina.

Mai sayen gwanjon kotu shi ne mafi ƙarancin kariya kusan a ko'ina. Dokar farar hula ta Faransa ta ba mai saye haƙƙi a kan ɓoyayyen aibi a sashe na 1641, amma sashe na 1649 ya cire cinikin da aka yi da umarnin kotu daga wannan haƙƙi. Dokar gwanjon dole ta Jamus ma ta faɗa a sashe na 56 cewa babu lamunin aibi, wato garanti, a irin wannan ciniki. Hikimar a fili take: wanda aka sayar da gidansa ba da son ransa ba bai yi wa kowa alkawari ba, kotu kuwa ba ta taɓa kwana a gidan ba.

Wanda ya saya a hannun banki ta hanyar dillali yana da ɗan sarari, sai dai takardar cinikin kusan kullum tana ɗauke da sharaɗin cewa an sayar da gida "a yadda yake", kuma banki bai taɓa zama a ciki ba, don haka bai san halinsa ba. Wannan sharaɗi yana aiki, kotuna suna mutunta shi. A jihar Kalifoniya ta Amurka, alal misali, doka ta ɗauke wa mai ba da bashin da ya ƙwace gida cike takardar bayyana aibin da aka wajabta wa sauran masu sayarwa.

Amma sharaɗin yana da iyaka, kuma iyakar iri ɗaya ce a tsarin shari'o'in da ba su haɗa asali ba: ba ya kare wanda ya san aibi ya ɓoye. Sashe na 444 na dokar farar hula ta Jamus ya faɗi haka kai tsaye. A Afirka ta Kudu, hukuncin Van der Merwe da Meades na 1991 ya ce mai saye zai iya karya sharaɗin idan ya tabbatar mai sayarwa ya san aibin kuma ya ɓoye shi da nufin yaudara. A Ingila, inda tushen doka shi ne mai saye ya buɗe idonsa, kotun ɗaukaka ƙara ta hukunta a shari'ar Gordon da Selico ta 1986 cewa rufe ruɓewar katako da gangan don kada mai saye ya gani zamba ce, ko da ba a furta ƙarya da baki ba. Kotun ƙolin Fulorida ta ƙara gaba a shari'ar Johnson da Davis ta 1985, wadda ta taso daga rufin gida mai yoyo: mai sayar da gidan zama dole ne ya faɗi aibin da ya sani idan mai saye ba zai iya ganinsa ba. Malaman fikihu ma sun daɗe da tattauna sharaɗin barranta daga aibi, kuma da yawansu sun tafi a kan cewa ba ya wanke wanda ya sani ya yi shiru.

Ma'aunan da za a auna kowace hanya da su

Na farko, kuma wanda ya rinjayi sauran, hujja ce: me hanyar ke buƙatar ka tabbatar, kuma kana da shi a hannu? Na biyu kuɗin da za ka kashe kafin ka ga kobo, idan ka gani ɗin. Na uku lokaci, kuma fuska biyu gare shi: tsawon da hanyar ke ɗauka, da wa'adin da doka ta yanka wanda idan ya wuce ƙofa ta rufu. Na huɗu sauƙi, wato ko za ka iya da kanka ko sai da lauya da ƙwararren shaida. Na biyar haɗari: me za ka rasa idan ba ta yi ba. Na ƙarshe ɗorewa: shin sakamakon zai kashe maganar baki ɗaya, ko bayan shekara guda za ka sake tsintar kanka da jiƙaƙƙen bango ba kuma wanda za ka bi?

Wa'adin nan ba abin wasa ba ne, domin bambancinsa tsakanin ƙasa da ƙasa yana da girma ƙwarai. A Sifen ƙarar ɓoyayyen aibi tana faɗuwa bayan wata 6 daga ranar da aka miƙa kaya. A Faransa shekara 2 ce daga ranar da aka gano aibin. A Ingila ƙarar saɓa yarjejeniya tana da shekara 6 a ƙarƙashin dokar wa'adin shigar da ƙara ta 1980, idan kuwa akwai zamba lissafi ba ya farawa sai ranar da aka gano ta ko ya kamata a ce an gano ta. Tambayar farko da za ka yi wa lauyan wurinku ita ce: kwana nawa suka rage mini?

Aikin da ya riga kowace hanya

Ko wacce za ka bi, kwanakin farko su ne ke yanke yadda za ta kaya, kuma a nan ne mutane suka fi yi wa kansu illa. Rufe ruwa, domin doka tana ɗora maka nauyin rage ɓarna, ba za a biya ka abin da ka zuba wa ido ya lalace ba, fumfuna kuwa tana iya kama jiƙaƙƙen wuri cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Amma kada ka bari a fasa bango a kwashe komai a zubar kafin ka ɗauki hoto da bidiyo. Rufe dukan famfunan gida, ka ɗauki hoton mita, ka dawo bayan awa biyu ka sake ɗauka. Idan lamba ta motsa, ga shaidar yoyo da kwanan wata a jikinta.

Idan mai gyara ya yanko guntun bututun da ya lalace, karɓe shi ka ajiye. Wannan guntun yana ba da labarin shekarunsa. Tsagewar da ta faru jiya bakinta a tsabtace yake. Ɗigar shekaru tana barin farin ɓawon gishiri ko kore a jikin bututun tagulla, tsatsa mai kauri a jikin na ƙarfe, katakon da ke ƙarƙashi ya yi baƙi har yatsa na nutsewa a ciki, tabon silin kuma ya yi zobe a kan zobe. Duba abin da ke kewaye: bango ɗaya tak da sabon fenti a ɗakin da sauran bangayen suka koɗe, sabon allo da aka buga a kan ruɓaɓɓe a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, roba da aka naɗe a mahaɗar bututu sannan aka shafe da filasta. Tsohon yoyo yana nuna aibin ya riga ciniki. Sabon fenti a kansa yana nuna wani ya gani. Sa mai gyaran ya rubuta abin da ya tarar, ya sa hannu da kwanan wata, kuma ka sanar da banki a rubuce ka ba su damar turo nasu mutum kafin a rufe wurin.

Hanya ta farko: ka gyara da kuɗinka ka wuce wurin

Ba a cika lissafa ta cikin hanyoyin shari'a ba, amma da ita ake auna sauran. Ba ta buƙatar hujja, ba ta da wa'adi, kuɗinta kuwa ka san iyakarsa tun farko. Idan mahaɗa ɗaya ce ta saki, kuma kuɗin gyara bai kai rangwamen da ka samu a farashin gidan ba, a ganina nan ya kamata maganar ta tsaya. Araha ba ta ado, wannan ɗigar tana cikin abin da ka saya.

Haɗarinta ɗaya ne, shi ne a yi faci a inda ake buƙatar canji. Akwai bututun da idan ɗaya ya fara, sauran na biye. Tsohon bututun ƙarfe da ya ci tsatsa daga ciki haka yake, haka ma wani bututun roba mai suna polibutilin da aka sa a gidaje masu yawa a Amurka daga 1978 zuwa tsakiyar shekarun 1990, wanda ya riƙa fashewa har aka yi sulhun ɗaruruwan miliyoyin daloli a kansa a 1995. Kafin ka ce ƙaramin abu ne, sa a matsa wa layin gaba ɗaya ruwa a ga ko yana riƙewa.

Hanya ta biyu: inshorar gida

Ita ce mafi arha a gwada, domin kiran waya da cike takarda ne, kuma ba sai ka tabbatar da laifin kowa ba. Matsalarta ita ce yawancin yarjejeniyoyin inshora suna biyan ɓarnar da ta faru kwatsam, suna cire ɗigar da ta daɗe tana ci a hankali da duk abin da ya riga ranar da aka fara inshorar. Ka ga ke nan hujjar da ke ƙarfafa ka a gaban banki, wato tsufan yoyon, ita ce ke raunana ka a gaban kamfanin inshora. Inda ta fi yin amfani shi ne idan bututu ya fashe ranar da aka sako ruwa bayan ka mallaki gidan. Ko a nan, sau da yawa sukan biya ɓarnar da ruwa ya yi wa silin da daɓe, su bar maka kuɗin bututun kansa.

Karanta takardarka da kyau don abu biyu: wasu yarjejeniyoyin suna biyan kuɗin neman inda yoyon yake da fasa bango a kai gare shi, wasu kuma suna ɗauke da kuɗin lauya idan rikici ya taso. Idan an ƙi biyanka, ƙasashe da dama suna da ofishin sauraren koke kyauta. A Birtaniya kamfani yana da mako 8 ya ba da amsar ƙarshe, kai kuma kana da wata 6 ka kai koke gaba. Abin da ba a yi shi ne a kira tsohon yoyo sabo. Mai binciken inshora ya san zoben tabo, kuma ƙarya tana iya soke inshorar ɗungurungum. Inshorar takardun mallaka kuwa, wadda ke kare ka idan rikici ya taso kan mallakar gidan, ba ruwanta da bututu, kada ka ɓata mata lokaci.

Hanya ta uku: wasiƙar lauya da neman sulhu

Wannan ce hanyar da na fi ganin ta dace da mafi yawan mutanen da ke da ɗan abin riƙewa. Lauya ya rubuta wa banki, da dillali idan da hannunsa, ya haɗa hotuna da rahoton mai gyara da kiyasin kuɗi, ya nemi takamaiman adadi cikin takamaiman kwanaki. Kuɗinta aikin awoyi kaɗan ne, ana ganin amsa cikin makonni, kuma ba ta rufe maka ƙofar kotu.

Ƙarfinta ya dogara da abin da za ka iya nunawa cewa banki ya sani. Kalmar "ba mu taɓa zama a gidan ba" gaskiya ce, amma ba ita ce ƙarshen zance ba, domin banki ba ya barin kadararsa haka nan. Yakan ɗauki kamfanin da zai canza makulli, ya kwashe shara, ya rufe ruwa, a ƙasashe masu sanyi ya tsiyaye bututu don kada ƙanƙara ta fasa su, kuma waɗannan ma'aikata sukan aika rahoto da hotuna. Akwai mai ƙiyasta darajar gida da ya zagaya ɗakunan. Akwai tsofaffin takardun kuɗin ruwa. Akwai maƙwabcin da ya ga motar masu fenti ana saura mako guda a fara nuna gidan. Mafi daraja a cikinsu duka: mai sayen da ya riga ka, wanda ya sa aka duba masa gidan, ya ga yoyo, ya janye, ya kuma aika wa dillali rahoton. Idan irin wannan rahoto ya shiga hannun banki ko wakilinsa sannan aka sayar maka ba a ce uffan ba, wasiƙarka tana da haƙora. Kada a manta da dillalin kansa. A Kalifoniya tun shari'ar Easton da Strassburger ta 1984 aka ɗora wa dillali nauyin duba gida da idonsa ya faɗi abin da ya gani.

Haɗarin hanyar biyu ne. Banki na iya jan ka da "muna dubawa" har wa'adi ya ƙare, don haka kirga kwanakinka kana jira. Sannan duk kuɗin sulhu yana zuwa da takardar da za ka sa hannu ka yafe duk wata da'awa nan gaba. Kada ka sa wannan hannu sai an gwada layin ruwan gidan gaba ɗaya, har da na fitar da ƙazanta, in ba haka ba za ka karɓi kuɗin bango ɗaya ka yafe na gida guda.

Hanya ta huɗu: wanda ya duba maka gidan, ko wanda ya gina shi

Idan ka biya ƙwararre ya duba gidan kafin saye, shi yana da nauyi a kanka wanda banki ba shi da shi, kuma galibi yana da inshorar sana'a da za ta biya. A nan ba zamba za ka tabbatar ba, sakaci ne kawai: cewa ƙwararre mai kula zai ga alamar. A shari'ar Smith da Eric S. Bush, wadda kotun ƙolin Birtaniya ta lokacin ta yanke a 1989, an kama mai ƙiyasta gida da laifi ga mai saye duk da cewa mai ba da bashi ne ya turo shi kuma ya rubuta cewa ba ya ɗaukar alhaki.

Sai dai kariyarsa tana nan a rubuce. Rahoton yakan ce ido kawai ya duba, bai fasa bango ba, kuma a gidan ƙwace sau da yawa za ka tarar da layi ɗaya da ka tsallake lokacin kana ɗokin saye: "ruwa a rufe yake, ba a gwada famfo ba, ana ba da shawarar a gwada kafin ciniki." Idan wannan layin yana nan, hanyar ta kusa toshewa. Wasu yarjejeniyoyin ma sun taƙaita diyya ga kuɗin aikin da ka biya, ko da yake ba kowace kotu ke yarda da hakan ba. Idan kuwa tabon yana fili a silin bai rubuta ba, kana da magana.

Gidan da bai daɗe da ginuwa ba yana da wata ƙofar: lamunin magini. A Faransa lamunin shekara 10 yana bin gida zuwa hannun duk wanda ya saya, muddin aibin ya taɓa ƙarfin ginin ko ya hana amfani da shi. Duba ranar da aka kammala gini kafin ka yanke ƙauna.

Hanya ta biyar: kotun ƙananan ƙararraki

Kuɗin shigar da ƙara kaɗan ne, ba dole sai da lauya ba, hukunci yana fitowa cikin watanni, kuma ko ka faɗi ba a cika ɗora maka kuɗin lauyan abokin shari'a ba. Amma tana da rufi, wato iyakar kuɗin da za a iya nema a cikinta: fam 10,000 a Ingila da Wales, dala 12,500 ga mutum ɗaya a Kalifoniya, kowace ƙasa da nata. Sauƙin kotun bai sauƙaƙa dokar ba. Sharaɗin "a yadda yake" zai biyo ka har nan, kuma ba ka da cikakken ikon tilasta wa banki fito da fayil ɗinsa. Ta fi dacewa da wanda hujjarsa ta riga ta shigo hannu kuma ɓarnarsa ba ta wuce rufin ba, ko wanda ke bin mai duba gida.

Hanya ta shida: babbar ƙara

A nan ne kaɗai kotu za ta tilasta wa banki ya fito da rahotanni da saƙonnin da ke tsakaninsa da dillali, kuma a nan ne kaɗai za a iya samun cikakkiyar diyya ko warware ciniki. Farashinta lauya ne, da injiniya ko ƙwararren da zai yi shaida, da shekara ɗaya zuwa sama, a gaban abokin shari'ar da ke da lauyoyi a kan albashi kuma ba ya sauri. A Ingila da ƙasashen da ke bin tsarinta wanda ya faɗi yakan biya kaso mai yawa na kuɗin shari'ar wanda ya ci. A Amurka kowa yakan ɗauki nasa, sai dai idan takardar ciniki ta ce wanda ya faɗi ya biya, don haka nemo wannan sakin layin kafin ka shiga. Duba kuma ko takardar ta wajabta sulhu ko mai raba gardama kafin kotu.

Tsakanin diyya da warware ciniki, mutane sukan so na biyu saboda fushi, amma shi ya fi wuya. Sai aibin ya yi girman da da ka sani ba za ka saya ba, sai ka nema da wuri, sai kuma gidan yana nan kusan yadda ka karɓe shi. Wanda ya zauna shekara yana gyare-gyare sannan ya ce a mayar masa da kuɗinsa, kotu za ta ɗauka ya yarda da cinikin. Idan da bashi ka saya, shi ma mai ba ka bashin yana da ta cewa. Zargin zamba kuma ba a yin sa da zato. Garin neman gira a rasa ido, a nan ne aka fi ganinsa.

| Hanya | Abin da za ka tabbatar | Kuɗi | Lokaci | Haɗari | Ɗorewa |
|---|---|---|---|---|---|
| Gyara da kanka | Babu | Kuɗin gyara duka | Kwanaki | Faci a inda ake son canji | Mai kyau idan an gwada layi duka |
| Inshora | Ɓarnar kwatsam bayan ka mallaka | Kaɗan | Makonni zuwa watanni | A ƙi biya, kuɗin inshora ya hau | Ɓarna kawai, ba bututu ba |
| Wasiƙa da sulhu | Alamar an sani | Kaɗan zuwa matsakaici | Makonni zuwa watanni | Wa'adi ya wuce, yafiyar gaba | Ta rufe magana, ko ta yi maka daɗi ko a'a |
| Mai duba gida ko magini | Sakaci ko lamuni mai rai | Matsakaici | Watanni | An taƙaita diyya | Matsakaiciya |
| Ƙaramar kotu | Sani da ɓoyewa, ko sakaci | Kaɗan | Watanni | Kaɗan | Iyakar rufin kotun |
| Babbar ƙara | Sani da ɓoyewa, da shaidar ƙwararre | Mai yawa | Shekara zuwa sama | Kuɗin ɓangare biyu | Cikakkiya idan ka ci |

Wace ta dace da wa

Wanda ya saya a gwanjon kotu: gyara, sannan inshora idan fashewar ta faru bayan ya mallaka. Kuɗin da zai ba lauya don bin kotu ko tsohon mai gida ya fi amfani a hannun mai gyaran famfo, balle tsohon mai gidan ko an ci shi ba shi da abin biya.

Wanda ya saya a hannun banki, ɓarnar ƙarama ce, ba kuma alamar an rufe wani abu: ya gyara, ya ajiye rasit da guntun bututu, ya aika wasiƙa ɗaya da kansa. Wani lokaci a rage masa wani abu don a rabu lafiya, idan ba a rage ba bai yi asarar komai ba.

Wanda ya ga sabon fenti a kan tsohon tabo, ko ya ji labarin mai sayen da ya janye: wasiƙar lauya ba tare da jinkiri ba, a nemi rahotannin masu kula da gidan da sunayensu. Idan aka ƙi kuma adadin yana ƙasa da rufin ƙaramar kotu, can ya nufa.

Wanda ke riƙe da rahoton dubawa da ya ce famfo lafiya lau alhali tabo na fili: mai duban da inshorar sana'arsa su ne na farko, banki na biyu. Wanda gidansa bai cika shekara 10 da gini ba, ya nemo takardun magini tun kafin ya kira kowa.

Babbar ƙara ta wanda abu uku suka haɗar masa ce: ruwa ya taɓa tushen gini ko ya hana zama a gidan, akwai takarda ko shaidan da ke nuna banki ko wakilinsa ya sani, kuma yana da ƙarfin ɗaukar kuɗin shari'a ko da ya faɗi. Idan biyu ne kawai suka samu, ya shiga sulhu da su, amma ya sa lauya ya rubuta masa ranar da wa'adi zai cika, ya shigar da ƙara kafin ranar ko da ana tsakiyar tattaunawa.